Wa Ke Kai wa Daji Taki? Tambayoyi da Amsoshi kan Aikin Manyan Namun Daji

Duk manomi ya san gonar da Fulani suka yi mashekari a cikinta da rani ba ta zama ɗaya da ta maƙwabcinta idan damina ta faɗi. Geronta ya fi duhun ganye, zangarniyarsa ta fi kauri. Amma dajin da ba mai kai masa taki a mangala, ba mai watsa masa kamfa ko yuriya, ga shi shekara dubbai yana fitar da ciyawa da itatuwa, wa ke ciyar da shi? Kaso mai yawa na amsar yana tafiya ne da ƙafa huɗu.

Me ake nufi da kewayawar sinadarai, kuma ina ruwan dabba da ita?

Haruffa ukun da ke jikin buhun takin zamani, N da P da K, suna nufin nitrojin da fosfaras da fotashiyam. Su ne manyan abincin tsiro. Tsiro ya zuƙe su daga ƙasa ya gina ganye da kara, kuma muddin suna cikin ganyen, a kulle suke, wani tsiron ba zai amfana da su ba sai ganyen ya ruɓe. A ƙasa mai zafi da dogon rani, busasshiyar ciyawa kan yi watanni, wani lokaci fiye da shekara, tana kwance ba ta ruɓe ba. Idan wuta ta riga ruwa isowa gare ta, yawancin nitrojin ɗin da ke cikinta sai ya bi hayaƙi.

Cikin dabba kuwa akwai ɗumi da laima da ƙwayoyin halitta masu narkar da abinci, rani da damina. Abin da zai ɗauki shekara a fili, a cikin tumbi kwana ɗaya zuwa uku ne, ya fito kashi da fitsari, wanda saiwa za ta iya sha nan da nan. Wannan shi ne aikin farko, hanzarta kewayen. Na biyu dako ne: dabba ta ci a fadama ta yi kashi a kan tudu, ta ci a tudu ta kasayar a ruwa. Ruwan sama gangara kawai ya sani, kullum yana kwashe albarkar ƙasa daga sama zuwa kwari, daga kwari zuwa kogi, daga kogi zuwa teku. Dabba kuwa tana iya ɗaukar wannan albarka ta hau da ita.

Me ya sa ake ta maganar manya? Gara da buzuzu ba su yin wannan aikin?

Suna yi, kuma ba ƙarami ba. Manoman Tahoua da ke haƙa ramukan tassa su zuba taki a ciki sun daɗe da sanin cewa gara ce ke huda ƙasar ruwa ya shiga. Bambancin yana wajen nisa da yawa. Gada tana ƙare rayuwarta a ɗan kurmin da aka haife ta. Giwa kuwa tana cin abin da ya kai kilo 150 a yini, tana tafiya mai nisa, abincin kuma yana daɗewa a cikinta, don haka inda ta ci da inda ta zubar akwai tazara. Wani bincike da aka yi a dajin Kruger na Afirka ta Kudu ya nuna giwa na iya kai ƙwallon itace har nisan kilomita 65 daga gindin uwarsa.

In ka taɓa tsugunawa gaban sabon kashin giwa, za ka ga abin da ake nufi. Dunƙule ne kamar ƙwarya, in ka fasa shi da sanda sai ka ga zare-zaren ɓawo, guntayen reshe kamar an tauna rake, da ƙwallayen aduwa ko na danya ko giginya lafiyarsu ƙalau. Giwa ba ta narkar da ko rabin abin da ta ci. Kafin ka miƙe, buzuzu ya sauka, yana mulmula rabonsa yana turawa da ƙafafun baya, ya je ya binne. Da rani gara ta gina rufin ƙasa a kan sauran. Bayan ruwan farko, daga cikin wannan dunƙulen ne ɗan tsiron aduwa zai leƙo, da takinsa a gindinsa. Ƙananan suna jiran babba ne ya kawo musu kaya.

Ostareliya ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan sarƙar ta katse. Turawa sun kai shanu can, amma buzuzun ƙasar kashin kangaru ya saba da shi, bai iya da na saniya ba. Kandilo ya rufe makiyaya, ƙudaje suka addabi mutane. Sai da gwamnati ta shafe shekara 20, daga 1965 zuwa 1985, tana shigo da nau'o'in buzuzu, da yawansu daga Afirka.

An ce dorina ce ke ciyar da kifin kogi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma an auna. Dorina tana wuni a ruwa, da dare ta fito ta yi kiwo a tudu, ta ci ciyawa kamar kilo 40, kafin gari ya waye ta koma. Yawancin kashinta a ruwa take yinsa, tana kaɗa wutsiya tana watsa shi. Ke nan kullum tana ɗebo albarkar tudu tana juye wa kogi.

Kogin Mara, wanda ya taso daga Kenya ya ratsa Tanzaniya ya faɗa Tafkin Victoria, shi ne inda aka fi bin diddigin wannan. Masu bincike Amanda Subalusky da Christopher Dutton da abokan aikinsu sun lissafa cewa dorinai kusan 4,000 da ke ɓangaren Kenya suna zuba wa kogin kashi kimanin tan 36 a kowace rana. Ƙwarin ruwa da ƙananan halittu su ci, kifi ya ci su, wasu kifayen ma kashin suke ci kai tsaye, masunci kuma ya kama kifin.

Akwai wani ɓangaren da ya fi ba ni mamaki. Ciyawa tana ɗauke da silika, sinadarin da ke sa ganyen shinkafa ko na rake kaifi har ya yanki hannu. Wasu ƙananan tsirran ruwa da ido ba ya gani, da ake kira dayatom, da silika suke gina ɓawonsu, kuma su ne tushen abincin kifi a manyan tafkuna. Binciken da aka wallafa a 2019 ya gano cewa kusan kaso 76 cikin 100 na silikar da kogin Mara ke ɗauke da ita ta bi ta cikin dorina ne. Idan dorina ta ragu, dayatom ya rasa kayan gini, wasu nau'o'in gansakuka marasa amfani su mamaye ruwan. A Tafkin Edward, kan iyakar Kwango da Yuganda, dorinai sun faɗo daga kusan 29,000 a shekarun 1970 zuwa ƙasa da 1,000 a 2005 saboda yaƙi da farauta, kuma kamun kifi ya ja baya ƙwarai a lokacin, ko da yake kamun kifi fiye da kima ma yana da nasa laifin.

Sai dai komai ya yi yawa ya zama cuta. Da rani, idan ruwa ya ja, kashin kan taru a ƙasan gurbin da dorinai ke kwana, ya ruɓe, ya shanye iskar oksijin. Ruwan sama mai ƙarfi na zuwa sai ya kwashe wannan ruɓaɓɓen taɓo ya gangara da shi. A Mara an ga kifi ya mutu birjik sau 9 cikin shekara 5 ta wannan hanya. Inda mutane suka rage wa kogi ruwa da madatsa ko ban-ruwa, abin ya fi muni. A Kolombiya kuma, dorinai 4 da dillalin ƙwaya Pablo Escobar ya shigo da su a shekarun 1980 sun bazu bayan mutuwarsa a 1993, yanzu sun haura 150 a yankin kogin Magdalena, suna sauya ruwan da bai saba da su ba. Dabba tana gyara ne a inda sauran halittu suka tashi tare da ita.

Idan babbar dabba ta mutu fa?

Mushe taki ne mai ƙarfi wanda aka tara wuri guda. A wannan kogin na Mara dai, kowace shekara garken nyumbu fiye da miliyan ɗaya ke tsallakawa. Nyumbu sunan Suwahili ne na wata dabba mai kama da kanki, mai ƙahon saniya da gemu. A wasu mashigai gaɓar ta yi tsayi, na baya suna turo na gaba, sai a nutse da yawa. Matsakaicin abin da ke mutuwa a shekara 6,250 ne, nauyin tan 1,100. Mutum zai ɗauka kada ne ke cinyewa, alhali abin da kada ke ci kaɗan ne ƙwarai. Naman yana narkewa cikin makonni, a lokacin kuma yana iya kai rabin abincin kifin wurin. Ƙasusuwan su ne dogon jari: kusan duk fosfaras ɗin jikin dabba a cikinsu yake, kuma suna shekara 7 a ƙasan ruwa suna sakinsa a hankali.

A tudu, ungulu ce shugabar wannan aiki, sai kura da dila. Indiya ta ga ranar ungulu bayan ta rasa ta. A shekarun 1990 an yawaita yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diclofenac, wanda ke lalata ƙodar duk ungulun da ta ci mushen. Cikin shekaru kaɗan fiye da kaso 95 cikin 100 na wasu nau'o'in suka ƙare. Mushe ya riƙa ruɓewa a bakin ruwa, karnukan titi suka yawaita. An hana amfani da maganin ga dabbobi a 2006, amma wani nazari na 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Wanda ya girma yana ganin ungulu jere a kan katangar mayanka a garuruwanmu, ya duba yau ya gani ko guda nawa zai ƙirga. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ta yaya aka tabbatar dabbobin ne ke kawo sauyin, ba ruwan sama ko irin ƙasar ba?

Hanya ɗaya ita ce a killace fili da waya a hana dabbobi shiga, a kwatanta shi da na kusa da shi shekara da shekaru. Amma hujjar da ta fi kowacce girma wata annoba ce da makiyayanmu suka sani sarai: bushiya. Ta shigo Afirka wajen 1887 ta gaɓar Eritiriya a jikin shanun da sojojin Italiya suka kawo, ta share garkuna daga Habasha har ƙasar Hausa, ta gangara kudu. Ba shanu kaɗai ta kashe ba, har ɓauna da nyumbu. Shekaru kusan 70 tana danne yawansu a dajin Serengeti na Tanzaniya.

Da aka samu rigakafin da likitan dabbobi Walter Plowright ya haɗa aka yi wa shanun da ke kewaye da dajin, sai cutar ta ɓace daga namun dajin ma. Nyumbu suka tashi daga ƙasa da 300,000 a farkon shekarun 1960 zuwa kusan miliyan 1.3 kafin ƙarshen shekarun 1970. Tony Sinclair, wanda ya shafe rayuwarsa yana ƙirga dabbobin wurin, shi da abokan aikinsa sun bi abin da ya biyo baya. Nyumbu sun cinye ciyawar da a da take bushewa ta zama makamashi, sai gobarar daji ta ragu. Da wuta ta ragu, 'ya'yan itatuwan da take ƙonewa duk shekara suka samu suka girma. Itatuwa suka dawo, raƙuman dawa da tsuntsaye suka ƙaru. Ciyawar da a da take tashi hayaƙi ta koma kashi, buzuzu ya binne, har dajin ya koma yana adana iskar kabon fiye da yadda yake fitarwa. Allura aka yi wa saniya, daji mai faɗin dubban murabba'in kilomita ya sauya kama. A 2011 aka bayyana cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya.

Giwa ba ɓarna take yi ba? Ai tana karya itatuwa.

Tana karyawa, tana ɓare kuka har ta faɗi. A dajin Tsavo na Kenya giwaye sun taɓa yin yawa har suka mai da kurmi fili, sannan farin 1970 zuwa 1971 ya kashe dubbai daga cikinsu. Amma a lura da abin da ke haddasa irin wannan: yawanci sai an toshe musu hanyoyin ƙaura da gonaki da shinge, ko an haƙa musu rijiyoyin da ke sa su zauna wuri ɗaya duk shekara. Giwar da ke yawo tana karya nan ta wuce, kafin ta zagayo wurin ya farfaɗo. Reshen da ta karyo abinci ne ga ƙananan dabbobin da bakinsu bai kai sama ba, filin da ta buɗe kuma ciyawa ce ga ɓauna da gwanki. Da rani tana tona yashin busasshen rafi har ruwa ya ɓuɓɓugo, kowa ya sha bayanta.

A kurmin Kwango da Gabon aikinta ya fi fitowa fili. Giwar kurmi ta fi son ƙananan itatuwa masu saurin girma da taushin jiki, tana rage su kamar yadda manomi ke cire gero idan ya yi cunkoso, manyan itatuwa masu nauyi su samu sarari. Wasu daga cikin manyan ma ita kaɗai ke iya haɗiye ƙwallonsu ta shuka. Fabio Berzaghi da abokan aikinsa sun ƙiyasta a 2019 cewa idan giwar kurmi ta ƙare, dazuzzukan tsakiyar Afirka za su rasa kusan kaso 7 cikin 100 na nauyin itacensu. Ga shi kuma tsakanin 2002 da 2011 kaɗai, masu neman haure sun rage ta da kaso 62 cikin 100.

Sai maganar gishiri. Ganye ba shi da gishiri sosai, shi ya sa makiyayi ke ba shanunsa kanwa, shi ya sa Abzinawa da Wodaabe ke kora dabbobinsu zuwa Ingal a ƙarshen damina. Giwa ma haka. A Dutsen Elgon, kan iyakar Kenya da Yuganda, giwaye na shiga kogon Kitum cikin duhu suna kankare bango da haure. A Dzanga Bai da ke Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya suna haƙa taɓo da hanci don ruwa mai ma'adinai. Abin da suka sha a nan, a cikin kurmi suke fitsarar da shi, can inda gishirin ba zai taɓa kai kansa ba.

A teku ma haka abin yake?

Har ya fi. A teku komai nutsewa yake yi, hasken rana kuma a sama yake, don haka saman ruwa, inda tsirran teku ke rayuwa, shi ke fama da yunwa. Kifin wel, wanda a gaskiya ba kifi ba ne, dabba ce mai shaƙar iska mai shayar da ɗanta, yana nutso ya ci a ƙasa, ya taso ya yi kashi a sama. A tekun da ke kewaye da Antatika abin da ya fi ƙaranci shi ne sinadarin ƙarfe, kuma an auna cewa wanda ke cikin kashin wel ya ninka na ruwan wurin sau miliyan 10.

A ƙarni na 20 an kashe wel kusan miliyan 3 don mai da nama, kafin a dakatar da farautar kasuwanci a 1986. Hankali zai ce tunda mai ci ya tafi, abincinsa, wato ƙananan jatan landen da ake kira kiril, zai cika teku. Akasin haka aka gani, kiril ya ragu ƙwarai a wuraren da aka fi kashe wel. Bayanin da masana da yawa suka karkata gare shi shi ne wel ne ke takin gonar da kiril ke kiwo.

A Alaska da yammacin Kanada kuma, kifin salmon yana girma a teku, ya hauro kogi ya yi ƙwai ya mutu. Beyar, wata ƙatuwar dabba mai gashi da farata, ta kama shi ta ja cikin daji, ta ci rabi ta bar rabi. An samu kusan kaso ɗaya cikin huɗu na nitrojin ɗin ganyen itatuwan bakin wasu rafuka daga teku ya zo.

Zaki da kyarkeci ba sa cin ciyawa. Mene ne nasu a ciki?

Su ke yanke inda masu cin ciyawa za su tsaya, ta kisa da kuma ta tsoro. Labarin da ya fi yawo shi ne na dajin Yellowstone a Amurka, inda aka ƙarar da kyarketai a shekarun 1920, aka dawo da 31 daga Kanada a 1995 da 1996. Manyan barewar da ake kira elk sun ragu, itatuwan bakin rafi sun farfaɗo a wasu wurare. Amma bidiyon da ke cewa kyarketai sun sauya hanyar koguna sun zuzuta abin. Gwajin shekara 20 da masana na Jami'ar Jihar Colorado suka wallafa a 2024 ya nuna inda rafi ya riga ya zaizaye ya yi zurfi, dawowar kyarkeci kaɗai ba ta gyara shi ba. Ɓatawa ta fi gyara sauri.

Dajin Gorongosa a Mozambik ya fi kusa da mu. Yaƙin basasa na 1977 zuwa 1992 ya cinye fiye da kaso 90 cikin 100 na manyan dabbobin dajin. Da damisa da kyarkeci suka ɓace, mazo, wanda kowa ya sani da ɓuya a kurmi, ya fito fili yana kiwo ba fargaba. Ƙaidaji kuma ya mamaye fadamar, sai da masu cin ganye suka sake yawa suka danne shi. A 2018 aka mayar da kyarketai.

Nawa aka riga aka rasa?

Christopher Doughty da abokan aikinsa sun yi lissafi a 2016, suka ce ƙarfin dabbobin tudu na ɗaukar sinadarai daga inda suke da yawa zuwa inda babu ya koma kusan kaso 8 cikin 100 na yadda yake kafin manyan dabbobin zamanin ƙanƙara su ƙare. Lissafin kwamfuta ne, ba awo da sikeli ba, amma ko da ya yi kuskure da ninki biyu, asarar babba ce. Kudancin Amurka ta rasa kusan duk ƙattinta shekaru kamar 12,000 da suka wuce, kuma fosfaras ɗin da koguna ke saukowa da shi daga tsaunukan Andes ya daina samun mai kai shi cikin kurmin Amazon.

Wani abin sha'awa: ɓangare na fosfaras ɗin da Amazon ke samu a yau daga Sahara iska ke kai shi, kimanin tan 22,000 a shekara bisa ƙiyasin masana na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, kuma ɗaya daga cikin manyan wuraren da ƙurar Sahara ke tasowa shi ne kwarin Bodele a arewacin Cadi. Wurin ƙasan tsohon Tafkin Cadi ne tun yana ƙato, ƙurar kuma ɓawon dayatom ne da suka mutu. Ita ce dai ƙurar hunturun da ke sauka a Kano da Zinder.

A yau, idan aka ɗora duk dabbobi masu shayarwa a sikeli, dabbobin gida sun kai tan miliyan 630, mutane tan miliyan 390, namun dajin tudu kuwa gaba ɗayansu kamar tan miliyan 22.

To shanu da awaki ba za su maye gurbinsu ba?

Wani ɓangare, ƙwarai kuwa. A kudancin Kenya an tono tsoffin wuraren da makiyaya suka kwantar da garke shekaru fiye da 3,000 da suka wuce, aka samu ƙasar har yanzu ta fi ta kewaye albarka, namun daji ma nan suka fi son kiwo. Gindin gawo shaida ce ta gida: da rani yana da inuwa da 'ya'ya, dabbobi su taru su yi kashi, da damina ya zubar da ganye, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa.

Amma saniya ba giwa ba ce. Ba ta karya itace, ba ta haɗiye ƙwallon giginya, ba ta kwana a kogi. Da dare a garke take, don haka tana kwashe albarkar daji ta tara wuri ɗaya, a ƙarshe kuma a loda ta a mota zuwa Legas, ƙashinta da fosfaras ɗinsa ba za su koma inda ta yi kiwo ba. A Laikipia ta Kenya akwai gwajin da ake yi tun 1995, filaye a killace, wasu shanu kaɗai, wasu shanu da namun daji. Bayan shekara 20, ƙasar filin shanu kaɗai ta rage ƙarfi, amma inda giwaye ke shiga tare da shanun ba ta rage ba, domin giwa na sauko da abin da ke saman itace ta mayar wa ƙasa. A gwajin nan ne kuma aka ga da rani namun daji suna rage wa shanu ƙiba, da damina kuwa suna ƙara musu, saboda jakin dawa na cinye busasshen kara ya bar wa saniya ɗanyen tsiro.

Manomin da giwa ta cinye masa dawa a dare ɗaya, me wannan bayani zai amfana masa?

Ba zai cika masa rumbu ba, kuma bai kamata a yi masa wa'azin haƙuri da ciki ba komai ba. Ƙauyukan da ke kewaye da Yankari sun san wannan tashin hankali, masunta da manoman shinkafa na Ayorou a bakin kogin Neja sun san na dorina, wadda ke kifar da kwalekwale ta kashe mutum. Amfanin babbar dabba ya bazu kan kowa a hankali, asararta kuwa kan mutum ɗaya take faɗawa dare ɗaya. A ganina duk shirin kare namun daji da bai fara da wannan mutumin ba, ba zai yi ƙarko ba. Akwai dabarun da aka gwada suka rage ɓarna: shingen amya da Lucy King ta jarraba a Kenya, domin giwa na tsoron zuma, hayaƙin barkono, sanya wa jagorar garke abin wuya mai na'urar da ke nuna inda take a sanar da ƙauye tun kafin su iso. Sama da duka, a bar musu hanyar wucewa, a kuma biya wanda aka yi wa ɓarna da wuri.

Me ya rage a yankinmu, kuma abin da ya tafi yana dawowa?

Wasu sun tafi ke nan. Baƙar karkandar yammacin Afirka, wadda ta ƙarshe ta rayu a arewacin Kamaru, an bayyana ƙarewarta a 2011. Yankari, da aka keɓe tun 1956, tana riƙe da giwaye tsakanin 100 zuwa 150 a kewayen kogin Gaji. Garke mafi girma a Afirka ta Yamma yana dajin W da Arly da Pendjari, tsakanin Nijar da Burkina Faso da Benin, inda rashin tsaro ya hana masu gadi aiki yadda ya kamata.

Wasu kuma sun juyo daga bakin rami. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, 49 suka rage a 1996. Sun haura 600, suna kiwo a tsakanin gonakin mutane, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai Gadabeji a jihar Maradi. Mariri, wanda aka ce ya ƙare a daji a 2000, an fara mayar da shi tsakiyar Cadi a 2016 daga waɗanda aka kiwata a killace, yanzu yana haihuwa a can. A dajin Zakuma, kudu maso gabashin Cadi, mahaya dawaki masu neman haure sun rage giwaye daga fiye da 4,000 a 2002 zuwa kusan 450 a 2010. Tsoro ya sa sauran suka dunƙule garke ɗaya suna gudu kullum, suka kusan daina haihuwa. Da aka gyara tsaro tare da ƙauyukan kewaye, sai suka natsu. A 2011 ɗan giwa ɗaya tak aka ƙirga a dajin; a 2018 an ƙirga 127.